Ranar da Malam ya kai yaron gindin tsamiya

Mijina ya koma karatu a Aliero lokacin da nake da cikin fari. Ni karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka in ya dawo gida Jega Sabon Gari yana ba ni labarin abin da suka karanta, sai in saurara ina tsintar shinkafa. A shekarar nan wasu marubutan Amurka na da can suka shiga ransa. Ya ce su sun yarda zuciya ta fi lissafi sanin gaskiya, gari yana lalata mutum, daji kuma yana gyara shi. Wani ma ya bar mutane ya gina bukka a bakin tafki. Na ce Allah ya ba shi lafiya. Malam ya yi dariya har da buga cinya.

Dariya ta ƙare da na haihu. Ya ce mutanen nan sun ce jariri yana zuwa duniya da wani sani, manya ne ke kashe masa shi a cikin ɗaki. Sai ya fara ɗaukar yaron, ɗan fari, a gaban kowa, yana sumbatarsa a ƙofar gida. Maƙwabta suna leƙe. Mu a wajenmu ana kunyar ɗan fari. Ni ko sunansa ba na faɗa, in ya yi kuka gaban manya sai in kau da kai kamar ba nawa ba.

Wata Asabar cikin damina ya ɗaure yaron a ƙirji da zanena, ya hau babur, ya ce za su gonarsu ta Karaye, ƙauyensu da ke wajen Maiyama, su sha iska su dawo. Yaron bai fara cin komai ba sai nono. Azahar ta yi, shiru. Na kira wayarsa, ba ta shiga. Nono ya cika har rigata ta jiƙe, gabas kuma ta fara baƙi. Na ja hijabi na shiga motar Maiyama, daga can na hau kabu-kabu.

A gidan iyayensa na tarar da surukata tana kwashe shanya. Na durƙusa na gaishe ta gaisuwa cikakkiya, har da tambayar awaki.

"Inna, ko Malam ya biyo ta nan?"

Ta dube ni, ta dubi gaban hijabina.

"Malam kika biyo tun daga Jega? Sannu da son miji, ɗiyata."

Matan gidan suka kwashe da dariya. Na sunkuyar da kai. Ba ni da bakin da zan ce yarona nake nema.

"Shina gindin tsamiyar hwadama," in ji ta. "Na hana shi, ya ce iskoki ba su karanta littahi ba. Zamna, ruwa na tahe."

Tsamiya, da jariri, tun rana tsaka. Tun ina ƙarama an gaya min ba a yi. Ban zauna ba. Na fita a hankali, ina wuce danga na cire takalmi na kwasa da gudu. Na san suna kallona ta kan danga.

Tun kafin in hango su na ji kukan. Muryarsa ta dushe. Malam yana tsaye ya ɗaga shi yana nuna masa hadari, iska tana kwantar da gero, shi kuma fuskarsa cike da murna.

"Ke, dubi ikon Allah! Wannan aka rufe shi a ɗaki kada ya gani?"

"Malam, ba ni shi."

"Tsoron tsawa ne kawai, zai saba."

"Yunwa ce! Ba ni ɗana!"

Ban taɓa faɗin kalmar nan da ƙarfi ba sai ranar. Ya miƙo shi. Ban iya jira mu bar wurin ba, a gindin tsamiyar nan na zauna na ba shi nono, ina karanta duk addu'ar da na iya. Ya kama da ƙarfi har na ji zafi. Ruwa ya sauko, Malam ya cire rigarsa ya rufe mu, shi ya tsaya yana jiƙa.

Da ruwan ya tsagaita na ce masa, ban hana shi dajinsa ba, ban kuma ce mutanen littafinsa ƙarya suke yi ba, don ni ma na ga kyan hadarin nan. Amma yaron ba ya sake fita ba tare da ni ba sai an yaye shi. Ya ce ya yarda.

Ya cika alkawari. Yanzu yaron yana tafiya, yana cin tuwo, Inna ta aiko a kai mata shi yaye bayan girbi, daga nan kuma alkawarin ya ƙare. Gidanta kuwa, daga bakin ƙofa ana hango tsamiyar.