Taken Madina

Duk wanda ya yi wayo a Kalgo bayan zuwan Turawa ya san Namadi Mai Algaita. In bai san fuskarsa ba, ai ya san busarsa.

Asalinsa ɗan Gwandu ne. Ubansa mai busa, kakansa mai busa, kuma a gidansu akwai doka ɗaya da ake cusa wa yaro tun kumatunsa ba su yi ƙwarin riƙe iska ba: kowace busa da mai ita. Wannan taken wane ne, wancan na maƙera, wancan na mahauta. Ba a busa wa mutum taken wani ko da wasa. Wanda ya yi haka ya yi sata, ya kuma zubar da mutuncin gidansu. Da uban ya rasu, uwar ta kwashe shi suka koma wurin danginta a Kalgo. Can ya girma, can ya auri Madina, 'yar manoma, gajeruwa mai saurin dariya, wadda ba ta iya riƙe taɓarya bakinta a rufe.

To, busa ba ta ci da gida a Kalgo a wancan lokaci. Wata shekara da gero ya ƙi, Namadi ya ji ana neman masu ƙarfin huhu a barikin Birnin Kebbi, ya je. Daga can aka tura shi Zungeru, aka sa shi cikin 'yan badujala, wato masu busa da kiɗan soja, aka damƙa masa ƙahon jan ƙarfe mai maɓallai uku.

Abin ya ɗaure masa kai da farko. A gida, in masu algaita sun taru, hanya ɗaya suke bi gaba ɗaya. Nan kuwa kowane ƙaho da tasa hanya: wannan ya hau, wancan ya gangara, babban na baya yana gurnani shi kaɗai, amma sai ka ji duk sun haɗu wuri ɗaya ba wanda ya taka wani. Takardar da aka kafa masa a gaba bai taɓa karanta ta ba har ya bar soja. Kunnensa ne takardarsa, in ya ji abu sau ɗaya ya zauna.

Akwai wata busa mai sanyi da suke rufe wasa da ita ran Lahadi da la'asar, a gaban gidajen hafsoshi. Tana tafiya a hankali, ta ɗan ɗaga, ta dawo ta kwanta. Ranar da Namadi ya fara jin ta, sai da tsigar jikinsa ta tashi. Ya sami tafinta, ya ce a tambayar masa Baturen da ke jagorantar busarsu da sanda.

"Wanga taken wa ne?"

Bature ya yi dariya, ya ce ba na kowa ba ne, lamba ce kawai a cikin littafi.

Haba! Busa irin wannan a ce ba ta da mai ita? Namadi ya ji tausayinta kamar ya tsinci marainiya a bakin hanya. Tun da ba ta da kowa, shi yana da wadda zai ba. Ya ɗauko algaitarsa daga cikin jaka, ya yi ta lallashin busar har ta yarda ta shiga. Inda algaita ba ta kaiwa ya lanƙwasa, inda Turawa ke yanke numfashi shi ya zarce. Da ya gama, duk Bahaushen da ya saurara zai ji abin da algaitar ke cewa sarai: Madina, Madina, ga ni na dawo.

Sunan nan kuwa bakinsa bai taɓa furta shi ba, don matar fari ce, da kunya a tsakani. Sai dai ya ce "ke" ko "'yar Kalgo". Algaita ce ba ta da kunya.

Hutunsa na farko, da ya iso tsamiyar da ke bakin gari, bai shiga ba. Ya tsaya ya busa. Madina na tankaɗe, ta ji sunanta na yawo a iska, ta watsar da rariya ta fito har ƙofar gida, mayafi a karkace. Matan unguwa suka yi ta yi mata tsiya har aka girbe dawa. Tun daga ranar abin ya zama al'ada: Namadi ba ya shiga Kalgo sai ya busa a gindin tsamiya. Yara suka ɗauka, 'yan mata suka sa a gaɗa, kowa ya san taken Madina. Allah bai ba su haihuwa mai rai ba, sun binne biyu. Ita dai takan ce ko matan sarauta ba su da abin da take da shi.

Sai yaƙin Jamus ya zo. Aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa wata ƙasa can gabas, wadda ko sunanta Namadi bai iya faɗa daidai ba. Can 'yan badujala suka ajiye ƙahoni suka koma ɗaukar waɗanda aka harba. Wata safiya zazzaɓi ya kashe wani hafsa, aka ce su goge ƙahoninsu su zo bakin kabari. Bature ya ɗaga sanda, ya sauke. Abin da ya fito shi ne taken Madina.

Namadi ya busa, don soja ne. Kusa da shi akwai Kofur Dogo, wani Bayarabe Kirista da ya tashi a Lakwaja, mai busa babban ƙaho. Ya lura duk inda Dogo ya sami hutu, leɓunansa na motsi, hawaye na bin kumatunsa. Da aka watse ya ja shi gefe.

"Kofur, mi kake faɗi ɗazu?"

"Waƙar mana. Waƙar majami'a ce, addu'a ce. Ba ka sani ba?"

Dogo ya zauna ya warware masa yadda malaminsu na mishan ya gaya musu. Tun asali, in ji shi, muryar ta wasu ƙauyawa ce a ƙasar Turawa, da ita suke raka gawa zuwa makwanci. Daga baya wani limaminsu ya ɗora mata kalmomin roƙon Ubangiji, ta shiga majami'a. Daga baya kuma soja suka ɗauka, suka rarraba ta ga ƙahoni, kowa da rabonsa. Shi ya sa ake busa ta ran Lahadi, ranar ibadarsu.

"Ashe tana da mai ita," in ji Namadi.

"Masu ita ma. Duk gidan da aka taɓa yin rashi a cikinmu sun san ta."

Inna lillahi! Shi Namadi, ɗan gidan busa, ya saci take. Bai tsaya nan ba, ya sato daga ɗakin ibadar wasu ya kai gidan Musulmi. Wanda ya fi ci masa rai kuma, shekara da shekaru yana tsayawa a bakin gari yana kiran matarsa mai rai da busar rakiyar gawa. Har ya fara lissafa 'ya'yan nan biyu da suka binne, yana cewa ko shi ya kira musu mutuwa. Shaiɗan dai ba ya rasa ƙofa. A ranar ya rantse algaitarsa ba za ta sake faɗin wannan busa ba.

Aka gama yaƙi, aka sallame shi, ya dawo daidai lokacin da annobar mura ke kwasar mutane gida gida. Ya zo gindin tsamiya, ƙafarsa ta tsaya da kanta. Ya sunkuyar da kai ya wuce.

A tsakar gida ya tarar da Inna Delu, tsohuwar maƙwabciyarsu, tana dama kunu. Ta ce Madina na ciki, ciwon ya kama ta, zafin jiki har ya taɓa mata gani. Ya shiga ya durƙusa. Yaƙi ya ramar da shi, tari ya disashe masa murya.

"'Yar Kalgo, ni ne. Na dawo."

Ta juyo da fuska, ta kasa kunne, sannan ta girgiza kai.

"Inna, wane baƙo ne wanga? Ba shi ne ba. Maigidana ba ya shigowa shiru. Da shi ne, da na ji takena."

Ya kama hannunta, ta zame. Ya tuna mata ranar rariya, ta ce wannan ai duk Kalgo an sani. Inna Delu ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Kai ɗan nan, mi ya same ka? Ga algaita rataye a kafaɗarka. Fita ka busa mata, ko ta samu ta sha kunun ga!"

Ya fita, ya ciro algaitar, ya kai baki. Ya kasa. Yaya zai busa wa mai jinya busar makabarta? In ya busa ta cika, wa ya kashe ta? In kuma ya tambayi limamin Kalgo, kafin la'asar gari ya ɗauka cewa da waƙar majami'a ake kiran Madina, 'yan matan da ke gaɗa da ita su koma yi mata dariya. Sai ya tuna Malam Haruna na Gwandu, wanda ya koya masa Fatiha, mutum mai riƙe sirri. Ya ga Madina ta ɗan samu barci, ya ce wa kansa sauƙi ne ya fara.

Kai, Namadi! Mutum ya bar ruwa a randa ya tafi tambayar ko ya halatta a sha. Ya ari jaki ya kama hanyar Gwandu, tafiyar da ba a yin ta a yini ɗaya.

Ya sami Malam Haruna a zaure, ya tsufa, shi ma ya binne rabin ɗalibansa. Namadi ya zube ya faɗi komai, tun daga Zungeru har bakin kabarin hafsa. Malam ya saurara har ƙarshe.

"Da kake busawa, wa kake kira?"

"Ita, Allah gafarta Malam."

"Ka san kalmomin nasu?"

"Ko ɗaya."

"To ni ba a zo gare ni neman yabon algaita ba, ka san ra'ayina a kanta tun kana yaro. Amma aiki da niyya yake. Iskar bakinka ce, sunan matarka ne. Kuma busa ba ta kashe kowa, ajali ke kashewa, kai da ka je yaƙi ka fi ni sani." Sai muryarsa ta tashi. "Yanzu kai, majinyaciya na roƙon abu ɗaya a duniya, ka baro ta ka zo nan? Tashi! Tashi ka ba ni wuri, kada ka tsaya ko shan ruwa!"

Namadi ya koma yana dukan jakin da bai yi masa laifin komai ba. Da hantsi ya hango tsamiya. Tun bai sauka ba ya ciro algaita, ya cika kumatu, ya busa da duk abin da yaƙi ya rage masa a ƙirji. Bai taɓa busa ta da kyau kamar ranar ba. Madina, Madina, ga ni na dawo.

Ba wanda ya fito. Can sai ga Inna Delu tana tahowa a hankali, hannuwanta a baya. Ta bari har ya kai ƙarshe.

"Sai haƙuri, ɗan nan. Jiya da azahar munka kai ta."

Ya tambaya ko ta bar wata magana. Tsohuwar ta so ta ɓoye, amma ba ta iya ƙarya ba.

"Mata sun taru suna mata addu'a, tana ta ɗaga hannu. Mun zaci salati take so. Ashe cewa take mu yi shiru, kada ya busa ba ta ji ba."

Namadi ya yi kusan shekara goma bayan wannan. Bai sake aure ba, bai sake busa a biki ko suna ba, ya koma noman ɗan gero a bayan gari. Mutane sun ce ya taɓu, amma lafiyarsa lau, baƙin ciki ne kawai, kuma baƙin ciki ba hauka ba ne. Bai taɓa kai algaita makabarta ba, don ya san ba a yi wa Musulmi haka. Sai dai kullum in ya taso daga gona, yakan tsaya a gindin tsamiya ya busa taken tun daga farko har ƙarshe. Ya sauke algaitar, ya ɗan jira yana duban hanyar gida, sannan ya shiga gari.