Abdulkabir da Ƙugiyar Harafin Ɗ

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 13 ga Mayu, 2025, ƙaninka Usaini ya kira ni ya ce Allah Ya yi maka rasuwa a Makoda bayan jinyar kwana huɗu. Abdulkabir Nababa, sai da na sa ya maimaita sunanka sau biyu. Ka san halina, ban cika yarda da magana a jin farko ba, kuma wannan halin ne ya sa na zalunce ka.

Shekara uku muka yi muna gina wa ƙungiyar manoman yankinmu manhajar da wakilai ke duba sunan manomi da ita ranar rabon iri. Ni ke rubutawa, kai ke kula da gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi da kanta. Idan komai lafiya ta nuna kore, idan da matsala ta nuna ja. Kowa na murna da kore ban da kai. Sai ka karkata hula ka tambaya a kan wace waya aka gwada. Aljihun teburinka cike yake da tsofaffin wayoyi masu fasasshen gilashi, da hannunka kake gyara su ka mayar wa dattawan ƙauye, ko godiya ba ka tsayawa ji.

A watan Afrilu gwaji ɗaya ya kafe a ja. A wajena kore ne, a wajenka ja, kullum. Ka ce bambancin daga babbar manhajar waya ne: ni a kan sabuwar siga nake gwadawa, kai a kan tsohuwa, wadda yawancin wakilanmu ke riƙe da ita. Ban saurare ka ba. An ɗora ni shugaban aikin a gabanka, sai zuciyata ta raya mini cewa da gangan kake jan ƙafa don damina ta faɗi ban gama ba, a ce na kasa. Har lokutan da kake taɓa aikin na riƙa bibiya a ɓoye, kamar mai gadin rumbu. Na faɗa wa mutum biyu cewa baƙin ciki kake yi. Ranar ƙarshe da muka zauna, na kashe gwajin a gabanka. Ka dube ni ka ce, “Malam Fatihu, ka buɗe shi ka karanta kafin ka kashe.” Na ce ba ni da lokaci.

Bayan addu'ar uku, mai ɗakinka Sakinatu ta aiko mini da kwamfutarka da wata tsohuwar waya. Ko a lokacin ma, Allah Ya yafe mini, na buɗe ne ina neman abin da zai gaskata zatona. Abin da na tarar shi ne tsohuwar sigar ba ta mayar da babban Ɗ zuwa ƙarami idan ana neman suna. Duk manomin da sunansa ya fara da wannan harafi, wayar wakili za ta ce babu shi. Ɗanlami, Ɗahiru, Ɗanjuma, mutum ɗari biyu da sha ɗaya za su tsaya a layi cikin rana su koma gida ba irin gero, ga ruwa ya kusa sauka.

Sannan na duba sunan da ka sa a cikin gwajin. Malam Ɗayyabu na Gezawa. Mahaifina ne, wanda ka taɓa gyara wa waya. A ƙasa ka rubuta layi ɗaya: “Idan Baba bai fito ba, ba a gama ba.”

Na gyara, na kunna gwajin. Ya nuna kore, ban yarda ba, sai da na ɗauki tsohuwar wayarka na tafi Gezawa na nemi sunan a gaban Baba. Sunan ya fito. Baba ya tambaye ni lafiyarka, don ban iya faɗa masa ba tukuna. Mutum biyun nan na je na janye maganata a gabansu, amma kai ban same ka ba, kuma wannan yana cin raina.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa kowace zangarniya ta bana ta zame maka sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka Inna, da Sakinatu, da Usaini, da dukkan zuri'ar Nababa, Allah Ya ba ku haƙuri. Ku kuma roƙa mini gafara a wajen Allah cikin addu'arku, don Abdulkabir ya ce in karanta, ban karanta ba sai da ya tafi.