Clarrie Dunstan Ba Ya Duba Madubi

Duk wanda ya taso a Warrabindi ya san Clarrie Dunstan, ko don wuyansa. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana zagaya filin tseren mota na jar ƙasa da ke bayan kasuwar tumaki, inda kwana sai ta hagu, har wuyan ya karkace ya zauna haka. Ko a coci ka hango shi sai ka rantse yana shirin shan kwana ne. Mijin yayata Noreen ne, don haka babu mai hana ni faɗin abin da na ga dama a kansa.

Daga Litinin zuwa Juma'a gyaran tarakta yake yi. Ranar Asabar da yamma sai ya shiga wata koriyar mota da ya haɗa da hannunsa, ya ba samarin jiharmu ƙura su sha. Ya ci kofuna har suka rasa wurin zama. Noreen ta zuba maɓallai a wasu, babban cikinsu kuwa a ciki karensu ya sha ruwa har ya mutu.

Motar tsere a irin filinmu ba ta da madubi, doka ta hana. Don haka Noreen ke tsayawa jikin shingen waya a kwanar ƙarshe. In ta ware hannuwa, babu kowa kusa da shi, ya lallaɓa injin. In ta matso da su, wani na shinshinar bayansa, ya taka. Ni ina rumfar shayi da soyayyen dankali, in an tashi ta zo mini ja wur tun daga gashi har takalmi, haƙora kaɗai ke fari. A kan titi ma haka suka saba: shi ya riƙe sitiyari, ita ta waiwaya ta ce, "Ba kowa, shiga."

Sai tsufa ya taɓa ƙwaƙwalwar Noreen. Ta fara da manta inda ta ajiye buta, ta ƙare da manta sunana. Da abin ya fi ƙarfinsa aka kai ta gidan kula da tsofaffi a garin da ke gaba da mu, kuma babu bas da ke bin wannan hanya. Kullum da safe Clarrie zai tuƙa ya je, ya taje mata kai, ya bare mata lemo. Ita a zatonta mai gyaran famfo ne, kuma takan yaba masa da ladabi. Na ji tausayinsa ƙwarai, amma ban taɓa bari ya gani ba.

Ana haka shekarunsa suka kai inda hukuma ke sake gwada tsofaffi tuƙi. Ya tafi yana fito, ya dawo shiru.

"Yaya dai, zakara?" na ce.

"Wata yarinya ce ta gwada ni, Kirsty. A filin tseren nan na ɗauki ubanta a kafaɗa yana yaro. Wai ban duba madubi ba ko sau ɗaya."

"To ka duba?"

"Me zan gani a ciki? Wanda ke baya shi ke da matsala, Beryl."

An ba shi wata rana ya sake. In ya kuma faɗuwa, lasisi ya tafi, kuma sai ran da wani ya ji ƙansa zai ga matarsa. Ɗansu yana can birnin Perth mai nisa, ni kuwa idona ya daɗe da sallama da tuƙi.

Na ce zan koya masa. Na cika jaka da tarkace na zauna a kujerar baya, sharaɗin shi ne duk abin da na ɗaga ya faɗi sunansa ba tare da ya juyo ba.

"Mene ne wannan?"

"Tumatir."

"Safa ce. Ka duba madubin, mijin yaya, ba ya cizo."

"Na duba, tsohuwa na gani, na tsorata."

"Da ka ɗan sauko da shi, da ka ga wanda ya fi ta."

Haka muka yi ta zagaya gari, maƙwabta na leƙe. Rannan gaban mahauta na cire haƙoran robana na ɗaga. Ya duba, ya taka birki da ƙafar hagu kamar yadda ya saba a fili, haƙoran suka tashi suka sauka a cinyarsa. Ya miƙo mini su ta kan kafaɗa ya ce murmushin da ya fi kowanne kyau ke nan da na taɓa yi masa.

Daren jajibirin gwajin bai ci abinci ba. Ya ce, "Ban taɓa jin tsoron tsere ba, Beryl. Wannan kam ina tsoro." Sai na ƙara masa shayi.

Ya ci jarrabawar. Kirsty ta ce, "Baba, ka yi daidai, amma a riƙa duba gaba ma wani lokaci." Daga ofishin muka wuce wajen Noreen, ina baya, don ya ce ya saba da ganin munina a madubi.

Ya taje mata kai, ya bare lemo, ya gaya mata ya ci jarrabawa. Ta ce madalla, ta tambaya ko famfon ya daina ɗiga. Da muka tashi wata ma'aikaciya ta riƙo ta suka rako mu har bakin shinge. Ya tayar da mota ya ja a hankali, ya duba madubi yadda na koya masa. Sai ya tsaya cak a tsakiyar hanya.

Na waiwaya. Noreen na jikin shinge, ta miƙe tsaye sosai, ta ware hannuwa iya tsawonsu, idonta a kan motar.

Ya sauke gilashi ya yafito ma'aikaciyar.

"Yau ta fara wannan?"

"A'a, Baba. Tun ran da aka kawo ta, kullum in ka ja mota sai ta yi, har ka ɓace. Mun ɗauka bankwana take maka."

Ya daɗe yana kallon madubin. Wani mai a-kori-kura ya tsaya a bayanmu ya danna oda.

"Clarrie," na ce, "akwai mota a bayanka."

"Ki bar shi ya jira," ya ce. "Matata ta ce ba kowa."