Kyandir ɗin Litinin

Don Casimiro mai gyaran takalma ne a garin Xela, mutum mai yawan tambaya. In ka kai masa takalmi sai ya kifa shi, ya dubi inda ya cinye, ya tambaye ka me ya sa kake jan ƙafar hagu. Har ya tsufa bai taɓa shiga kotu ba, ya kuwa daɗe yana son ganin cikinta.

Ɗakin da yake haya na Doña Herlinda ne. A bangon akwai alkuki, a ciki hoton mijinta marigayi. Ran da ta ba shi makulli sharaɗi ɗaya ta gindaya: duk Litinin, ranar tuna matattu, ya kunna wa mijin kyandir. Ya riƙe wannan har bayan rasuwarta.

Ɗanta Wilmer ya dawo daga Amurka ya gaji gidan, ya ce shagon waya zai buɗe a ɗakin. Don Casimiro ya kwashe kayansa ba gardama. Sai Wilmer ya riƙe kuɗin ajiyar da ya bayar lokacin kama ɗakin, wai hayaƙi ya ɓata bango. In babu kuɗin nan kuwa, ɗakin da tsohon ya samu a bakin kasuwa wani za a ba.

Don Casimiro ya kai ƙara. A kotu ya ƙare wa rufi kallo, ya leƙa takalmin alƙaliya ta ƙarƙashin tebur. Wilmer ya nuna baƙin bangon a waya, ya ce tsoho ya mai da ɗakin mutane madafa.

“Ranki ya daɗe,” in ji Don Casimiro, “hayaƙin nawa ne, kyandir ni nake saye. Amma mamacin nasa ne.”

Ya kwance wani ƙyalle, ya fito da hoton da ya tsinta a shara bayan tashinsa, ya goge gilashin da hannun riga. Fuskar Wilmer ce sak, sai dai da gashin baki. Ashe saboda baƙin hayaƙi Wilmer ya zaci wani kakan tsohon ne, ya zubar.

Alƙaliya ta ce a mayar da kuɗin.

A bakin ƙofa Wilmer ya tsaya rungume da hoton, ya tambaya a hankali wane irin kyandir ake saye.

“Na kitse, ɗana, mai arha. Babanka bai taɓa ƙorafi ba.” Don Casimiro ya dubi takalmin Wilmer. “Shi ma haka yake taka dunduniya?”