Malam Sagir, Wanda Ya Karanta Mana Zagin Bature

Kafin jiniyar kamfanonin Challawa ta kira masu aikin safe, Malam Sagir ya riga ya hau kekensa. Keken ba shi da ƙararrawa, kuma ba ya bukatarta, don kukan sarƙarsa kaɗai ya isa jaki ya ba da hanya. Yakan ratsa tsakanin tirelolin fatu da hankici a hanci, ya tsaya teburin mai shayi ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya wuce firamaren garinmu, Durumin Sule. A can ya koyar da 'ya'yanmu da jikokinmu har kansa ya koma kalar alli. Wannan watan ya ajiye aiki.

Ni Baffa Gwadabe ban san baƙin boko ba, ko da zai kai ƙofar kamfani girma, kuma ban ga abin da na rasa ba. Masaƙa ta mutu a kaina a Bompai, wata ta mutu a Sharada, tukunyar majema ta fashe ina tsaye a gefenta, ga ni nan ina cin tuwona. Mutum irina ba ya yabo a banza. In na ce a jinjina wa Malam, to a jinjina.

Bara waccan aka aiko cewa za a tashi kasuwarmu ta Laraba, a mayar da filin wurin ajiye tireloli. Wai kasuwar ba ta da asali, leburorin kamfani ne suka fara sayen rake a wurin jiya-jiya. Ga mata masu fura da nono, ga masu albasa, duk a nan tukunyarsu take. Muka ce mu ne shaida, iyayenmu a nan suka ci kasuwa. Aka ce baki ba hujja ba ne, a kawo rubutu.

Malam ya ƙarar da hutunsa yana zarya ɗakunan karatu a birni, sai ga shi a zauren Dagaci da shafukan da ya sa aka ɗauko masa hotonsu daga tsofaffin littattafai biyu. Na farko irin wanda Turawan mulki ke jera garuruwa ne. Abin da aka ba mu a ciki bai cika cokali ba: ƙauye, kasuwa ran Laraba, albasa, jakuna, ƙuda. Na biyu na wani Bature ne matafiyi da ya ratsa a kan doki tun ba a san jiniya ba. Ya ce bukkokinmu kamar an zazzage su daga kwando. Ya ce ya ga wani ƙato yana barci a gindin durumi tun hantsi har la'asar. Ya ce mutanen garin mafaɗata ne, don ya sayi fura ya biya, amma mai furar ta biyo shi da ludayi tana ihu har bakin rafi, da ƙyar doki ya cece shi. Ya gargaɗi matafiya kada su tsaya.

Dagaci ya ture hularsa baya. "Malam, wannan ai zagi ne. Shi za ka karanta a gaban baƙi?"

Ni kuwa na ce, "Ƙaton nan kakana ne, kowa ya san gidanmu da tsawo. Ka ce gadin kasuwa yake."

Malam ya ce, "Baba, ya rubuta har da minshari."

"To jarumi ba ya minshari?"

"Yana yi, Baba. Amma abin da ke nan shi zan karanta. In na ƙara gishiri suka sa wani ya duba, kasuwa ta tafi, mutuncinku ya bi ta."

Muka yi fushi da shi. Mai shayi ma ya fara rage masa madara. Shi kuwa kullum sai ya tsaya, ya durƙusa, ya gaishe mu, kamar bai ga fuskokinmu ba.

Ran Laraba Alhaji Ɗahiru ya zo daga kwamitin filaye, aka shimfiɗa masa darduma a tsakiyar kasuwa. Malam ya miƙe ya karanta duka, bai tsallake ko ƙuda ɗaya ba. Dagaci ya sunkuyar da kai. Ni ina kallon sama, don mutum irina ba ya sunkuyawa. Da aka zo kan ludayi, sai Inna Zaituna mai fura ta ajiye ƙwaryarta.

"Tsaya, Malam. Baturen nan ya karɓi gyara kuwa?"

"Bai faɗa ba, Inna."

"To ai shi ke nan! Gyaransa aka bi shi da shi, sakarai! Baiwar Allah ta sha gudu a banza."

Kasuwa ta kwashe da dariya. A garinmu baƙo ba ya sayen fura ya tafi ba a ƙara masa ludayi guda ba. In ya tafi haka, abin kunya ne ga mai ƙwarya, uwa ke bar wa 'yarta wannan al'ada. Alhaji ya yi dariya har da share hawaye, ya ce a dama masa ya ɗanɗana. Yana cikin sha wayarsa ta yi ƙara, ya miƙe ya faɗa mota, direba ya ja.

Sai ga Inna Zaituna, da shekarunta da ciwon gwiwarta, ta bi motar nan da ludayi cike, tana kare shi da tafin hannu. "Alhaji! Gyaranka! Kada ka ja mini abin faɗa!" Direba ya taka birki. Alhaji ya leƙo ta taga ya shanye, ya dube ta, ya dubi takardun hannun Malam, ya ce, "Kasuwar da ke bin baƙo tun zamanin doki, ba da hannuna za a tashe ta ba." An dai yanki gefen masu itace an ba tireloli, amma kasuwa tana nan.

Kai ne, Malam, ka ɗauki fushin dattawa da shayi marar madara, ka ƙi yi mana ƙaryar da muka roƙe ka da bakinmu. Kai ne ka gane zagin da ya tsufa ma shaida ne. Na ga manajoji masu kwat iri-iri, na ga bayansu duka, ban ga mai taurin kai a kan gaskiya kamarka ba. Gagara-lanƙwasa, Allah ya saka maka da alheri, ya sa hutun nan ya yi albarka.

Ku kuma malaman yanzu, ku koya. In an ba ku abu ku karanta wa irinmu, ku karanta yadda yake, ko da za mu ɗaure fuska. Laraba mai zuwa kasuwa na ci. Wanda ya zo zai tarar da Malam a rumfar Inna Zaituna. Ya gaishe shi da hannu biyu, ya sayi fura, in ya ga an biyo shi da ludayi kuma ya tsaya.