Daminar da Idi Ya Bi Shanu

Ranar wata Alhamis ce, cikin bazarar shekarar da nake aji uku a lakol, wato makarantar boko, na dawo gida da rana tsaka na tarar an sauke jinkar rumbunmu an jingine ta da darni. Inna tana cikin rumbun da tsintsiya, ba na ganinta, sai dai ina jin tsintsiyar tana karce ƙasa. Ƙanena Idi, wanda bai wuce shekara biyar ba, yana tsaye a gindin rumbun da ɗan koko a hannu, jaririyarmu Nana kuma tana kwance a kan tabarma ƙarƙashin bishiyar bedi, ƙudaje na bin bakinta. Can sai Inna ta miƙo ƙwarya ta sama. Abin da ke ciki bai kai rabi ba, kuma rabin wannan rabin yashi ne da ƙaiƙayi da kashin ɓera. Da yake ni ce ƴar fari, ba ta kiran sunana. Cewa ta yi, "Ke, amshi. Ki sheƙe shi a hankali cikin ɗaki, kada iska ta ɗauki ko ƙwara guda." Da ta fito, fuskarta da gashin idonta sun yi fari fat da ƙura. Ba ta sa an mayar da jinkar ba, don babu sauran abin da za a rufe.

Garinmu ɗan ƙauye ne a gefen Gangara. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke lokacin da hatsi yake cikin fidda kai, abin da ya tsira kuma fara ta sauka a kansa. Baba ya ɗaure ƴan dammunan da ya samu ya zuba a rumbu, sannan ya bi mazan gari zuwa Najeriya ci-rani. Da farko ya aiko mana da garin kwaki ta hannun wani direba. Daga nan shiru. Duk wanda ya dawo daga kudu sai Inna ta aike ni in gaishe shi in tambayi labari, kowa kuma da nasa zancen: wani ya ce ya gan shi yana tura ruwa a kura, wani ya ce ya wuce gaba can ƙasar Yarbawa.

Tun daga ranar da aka share rumbu, kwanakinmu suka koma neman abin da za a sa a baki. Da asuba Inna take fita daji da gatari, ta yi itace ta ɗauka a ka zuwa Gangara, ta dawo da abin da ya samu, wata rana garin kwaki cikin ƙullin leda, wata rana dusa. In ta ji ana surfe a gidan mai hali sai ta je ta karɓi taɓarya, ladanta dusar da ta fita. Ni kuwa Nana tana bayana tun safe, da ita nake zuwa rijiya in ja guga, da ita nake shara, da ita nake bin daji tsinkar ganyen jiga da ƴaƴan anza. Wanda bai ci anza ba ba zai gane ɗacinta ba. Sai an jiƙa ta kwana da kwanaki, ana zubar da ruwa ana sake wani, kafin a dafa, kuma ko an dafa tana barin maƙogwaro kamar an goga masa toka. Idi yakan cusa ta yana hawaye, ya haɗiye, ya miƙo koko a ƙara.

Lakol ma ta canza. Aji ya riƙa raguwa, yau a ce gidan su wane sun tashi, gobe a ce gidan su wance sun bi dangi birni. Mushe, malaminmu, wanda da ba ya rabuwa da tsumagiya, ya daina tada mai barci a aji. A lokacin hutu ba mai yin gaɗa, maza ba sa langa, duwatsun carafkenmu suna zube a gindin kalgo ba mai taɓa su. Sai mu jeru a inuwar bango muna kallon juna. Daga baya ni ma na daina zuwa, don ba wanda zan bar wa Nana.

Idi yaro ne mai surutu, yana kwaikwayon kukan kowace akuya a unguwarmu har uwar garke ta amsa masa. A bazarar nan bakinsa ya mutu. Gashin kansa ya yi ja ya yi laushi, cikinsa ya fito, ƙafafunsa suka zama kamar kara. Ya koyi tsayawa a bakin turmin maƙwabta, ba ya roƙo, kallo kawai yake har a ji nauyi a ɗan ba shi gari a tafin hannu. Wannan ya fi yunwar ƙona wa Inna rai. Ta dake shi sau ɗaya a kan haka, sannan ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Wata rana muka neme shi muka rasa. Na duba rijiya, na duba gidaje, daga ƙarshe na same shi a gonarmu, a rugar Fulanin da ke sauka can kowane rani. Tun kakanmu ake wannan zama da su: shanunsu su ci karan gona, su bar mana taki. Matar gidan, Kumbo, ƙawar Inna ce tun suna amare, doguwa ce mai sanyin magana, Hausarta tana ɗan karkata. Su ma shekarar ba ta bar su ba, don na ga da idona ana taruwa da sanduna a ɗaga saniya da safe saboda ba ta iya tashi da kanta. Amma akwai ƴan awaki da ke ba da nonon da bai cika ludayi biyu ba. Na tarar Kumbo ta zaunar da Idi tare da ɗanta Bello, sa'ansa, ludayi ɗaya suna karɓa-karɓa.

Da ruwan farko ya sauka, Inna ta fasa bakin tulun da ta liƙe da laka ta ɓoye a ƙarƙashin gado. Irin shuka ne. Duk yunwar da muka sha yana nan a ɗakin, ba ta taɓa shi ba. Saukar ruwa kuma ita ce sallamar Fulani, dole su tashi daga gonaki su yi arewa. A jajibirin tashinsu Kumbo ta shigo gidanmu, ta zauna a kan turmi, ta daɗe tana kallon Nana da ke tsotson nonon da babu komai a cikinsa.

"Rabi," in ji ta, "ba ni Idi in tahi da shi. Arewa ciyawa za ta hito, shanu za su tashi, nono zai samu. In an yanke hatsi in maido maki shi."

Inna ta ce, "Ɗan mutane ne, Kumbo. Ubanshi ba ya nan."

"Ubanshi in ya dawo, yaro yake so ya iske, ko labari?"

Da la'asar Inna ta yafa zane, ta ce in ɗauko Nana, muka tafi gidan Baba Tanko, yayan mahaifinmu. Ta durƙusa daga nesa ta faɗa masa. Ya fusata, ya ce ba a taɓa yin haka a gidansu ba, ɗansu ya bi daji kamar marar dangi, me za a ce wa ƙanensa in ya dawo. Inna kanta yana ƙasa har ya gama. Sannan ta ce, "To Yaya, ga shi nan. A bar shi gidanka, ya ci abin da ɗiyanka ke ci." Baba Tanko ya juya ya dubi nasa rumbun. Jinkarsa ma tana ƙasa. Matarsa tana bakin murhu tana tsame anza, ƴaƴansa sun kewaye ta. Ya daɗe yana murza gemu, sannan ya ce, ba tare da ya dube mu ba, "Allah Ya kai su lahiya."

Da safe Inna ta yi wa Idi wanka, ta sa masa rigar sallarsa, ta ɗaura masa laya a wuya. Ni na kai shi ruga, ita ta ce shuka ba ta jira. Aka ɗora shi a kan jaki tare da Bello, a tsakanin ƙore da tabarmi, yana ta murna, ya ɗauka yawo za a kai shi. Sai da jakin ya fara tafiya ya ga ban biyo ba ya waiwayo. "Yaya, taho mana!" Na ce masa ina zuwa. Na tsaya har ƙahonin shanu suka shige bayan tudu, muryarsa tana raguwa. Da na juyo, na hangi Inna a ɗaya gefen gonar, ta ba hanya baya, tana sara rami tana jefa iri tana rufewa da diddige. Da na matso na ga layin shukarta ya karkace, ita da ko da ido rufe ba ta karkata layi.

Mutane sun yi magana. A rijiya na ji wata tana cewa Rabi ta sayar da ɗanta don nono. Ban gaya wa Inna ba, amma na san ta ji. Daminar ta zo da ruwa sosai, ciyawa ta taso tare da hatsi, ga gona babu namiji. Mu biyu muka yi noman, ita da hauyar Baba, ni da ƴar ƙarama, Nana a kwance a inuwar sabara. Tafasa ta fito, muka koma kanta, safe da yamma, da ɗan gishiri in an samu. Sau da yawa Inna takan tsaya a tsakiyar kunya ta dafa hauya, ta rufe ido har jiri ya wuce, sannan ta ci gaba. In na dafa abinci sai in ga ta ɗebi kaɗan a ɗan kokon Idi ta ajiye gefe, sai ta tuna, ta juye mini.

Cikin malka, ruwa yana zuba ba ƙaƙƙautawa, zawo ya kama Nana. Kafin mako ya zagayo ta daina kuka, sai buɗe baki kawai. Inna ta goya ta muka kama hanyar garin Gazawa a ƙasa, cikin taɓo, ni ina riƙe da buta da zane. A gidan likita mata sun cika rumfa, kowace da yaro irin namu a cinya. Ma'aikatan sun karɓe ta, sun auna hannunta, sun ce tamowa ce, ciwon yunwa, suka ba mu gado, suka yi ta ba ta madara da cokali. Sun yi iya ƙoƙarinsu. Da hantsin wata Talata ta cika a hannun Inna. A hanyar dawowa Inna ba ta yi kuka ba, bayanta ba goyo, zanen goyon a ninke a kanta. Sai da muka hango garinmu ta tsaya, ta ce, kamar ba da ni take ba, "Da Idi na nan, da biyu za a ɗauka." Sannan ta ce, "In ma yana nan da rai."

Wannan ita ce fargabar da muka kwana muka tashi da ita har kaka. Ba wanda ya zo daga arewa da labari. Hatsi ya nuna, muka fara cin tumu, aka yi girbi, maƙwabta suka taya mu ɗauri, aka mayar wa rumbu jinkarsa. Garkunan Fulani suka fara gangarowa. Duk ƙurar shanun da na hango sai in ruga burtali in tsaya ina duba jakuna ɗaya bayan ɗaya. Na wasu suka zo suka sauka, namu shiru. Inna ta daina cin abincin kirki alhali ga shi ya samu.

Su Kumbo sun iso da wata yamma, bayan kowa ya gama sauka. Ban gane shi ba da farko. Wani yaro na gani a ƙasa yana bin maruƙa, sanda a gicciye bisa kafaɗa, ya yi tsawo, kumatunsa sun cika, gashinsa ya yi baƙi. Inna ta fito da gudu ba mayafi, abin da ban taɓa gani ba, ta durƙusa a gabansa ta ce, "Idi." Sai ya ja da baya ya ɓuya a bayan zanen Kumbo. Inna ta koma gida ta damo fura da sabon hatsi ta miƙa masa. Ya ɗaga kai ya dubi Kumbo, ya yi mata magana da Fulatanci, sai da ta gyaɗa kai sannan ya karɓa. Kumbo ta ce, "Yi haƙuri Rabi, yaro ne." Inna ta ce, "Haƙurin mi? Dube shi fa. Dubi ƙafafunshi." Tana dariya hawaye na zuba.

Ya ƙi kwana a gidanmu. Inna ba ta tilasta masa ba. Duk ranin nan da yamma takan riƙe hannunsa ta raka shi ruga, da safe ta je ta ɗauko shi, har ya fara zama da kansa. Wata rana yana wasa a tsakar gida ya tsaya cak ya tambaye ni ina jaririyar nan da nake goyo. A ranar ne na ga Inna ta yi kukan Nana. Baba ya dawo cikin sanyi, a rame, ashe ciwo ne ya kwantar da shi a can. Aka ba shi labari duka. Sai ya ɗauki dami biyu a ka ya nufi ruga.

Yau ina aure a Gidan Rumji, ina da ƴaƴa huɗu. Suna ture tuwo su ce miyar ba ta yi daɗi ba, in buɗe baki zan yi faɗa sai in fasa. Idi magidanci ne, yana kiwo yana noma, kuma har Kumbo ta rasu Inna yake kiranta. Gonarmu tana nan, amma ba mai sauka a cikinta da rani. Kowa yana kwashe karansa ya kai gida, burtali ya matse, manomi da makiyayi sun koma kallon juna daga nesa. Nakan rasa wanda mace irin Inna za ta miƙa wa ɗanta yau in rana ta ɓaci. Kafin Inna ta rasu na taɓa tambayarta yadda ta iya. Ta ce, "Ban iya ba. Yi kawai na yi." Autana yanzu shekararsa biyar, kuma in na dube shi yana barci, roƙona ɗaya ne: kada Allah Ya gwada ni da abin da Ya gwada ta.