Ranar Da Na Kai Inna Yanbu

Shekarun baya, lokacin muna zaune a wani ɗan gida a unguwar Ƙurban a Madina, ƙafafun mahaifiyata suka fara kumbura, likita ya ce ta rage zirga-zirga. Tun daga ranar ta tsiro da wata magana, wai ita Yanbu take so a kai ta. Matar da in ba Harami ko gidan ta'aziyya ba, ba ta leƙa ko'ina.

Ga wanda bai san ƙasar nan ba, Yanbu gari ne a bakin Bahar Maliya, yamma da Madina. Ni a lokacin ban san komai game da shi ba sai kifi da matatar mai. Don haka na ɗauka iskar teku take sha'awa. Ranar da na samu hutu a otal ɗin da nake aiki, na ari motar abokina, na loda darduma da shayi, har da gawayin gasa kifi, ina jin kaina ɗa na gari.

Bayan sallar asuba muka kama hanya. Titin yana ratsa baƙaƙen duwatsu, yana gangarawa a hankali, har muka wuce Badar. Daga nan duwatsun suka ja da baya, ƙasa ta baje, iska ta yi nauyi da danshi, riga ta fara manne wa jiki. Inna tana baya da carbinta.

Taswirar waya na bi, ita kuwa ta kai ni wani gari mai faffaɗan tituna, ga tankunan mai jere, ga wuta tana ci a saman wani dogon bututu. Na samu wuri mai ciyawa a bakin ruwa, na shimfiɗa darduma, na ce, "To Inna, ga Yanbu."

Ta leƙo ta tagar mota, ta duba dama ta duba hagu. "Wannan ba ita ba ce. Ina gidajen?"

"Waɗanne gidaje, Inna?"

"Masu tagar katako mana."

Wani mai kamun kifi na tambaya, ya yi dariya har ya ajiye ƙugiyarsa. Ya ce Yanbu ai uku ce. Akwai ta dabino can cikin kwari, inda maɓuɓɓugan ruwa suke, daga can ma sunan ya samo asali. Akwai wannan da nake tsaye, ta masana'antu, wadda aka gina jiya-jiyan nan. Sannan akwai ta teku, tsohon gari, ita ce tashar jiragen ruwan Madina tun zamanin da. Na naɗe dardumata ba tare da na kalli Inna ba.

Tsohon garin yana dab da tashar jirage, ɗan ƙarami ne, mutum zai iya zagaye shi da ƙafa. A lokacin ba a gyara shi ba. Gidaje ne masu hawa biyu zuwa uku, wasu sun zube sai rabin bango, kuliyoyi suna kwance a kan tarin duwatsu. Lungunan matsattsu ne, inuwar wannan gida tana rufe wancan. Na taɓa bango ɗaya na ji shi da kaushi, cike da ƙananan ramuka, har da ɓawon dodon koɗi a jikinsa. Daga baya aka gaya mini daga cikin teku ake sarar dutsen, kuma da yake ba shi da ƙarfi, sai su riƙa shimfiɗa itace a tsakanin sahu-sahu don ya riƙe ginin. A sama kuwa ga tagogin da Inna take faɗa, na katako, sun turo waje kamar akwatuna, an sassaƙa musu ƙananan ƙofofi. Rawashin ake ce musu. Iska tana shiga, na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin kowa.

Inna ta riƙe kafaɗata muna tafiya a hankali. Da ƙafar ta gaza, ta zauna a dakalin wani kangon gida, ta ɗaga kai tana kallon tagar da ke samanmu.

"A irin wannan lungun muka kwana," in ji ta.

Na tsaya ina kallonta. Ni abin da na sani shi ne kakana ya rasu a hanyar hajji, iyakarsa kenan. Ban taɓa tambayar wace hanya ba.

Ta ce daga ƙasar Hausa iyayenta suka taso da ƙafa, suna tafiya suna yada zango. A Sudan aka haife ta, suna aikin auduga. Da suka ƙetaro teku suka sauke farali a Makka, sai ya rage ziyarar Madina. A lokacin talaka jirgin katako yake hawa daga Jidda zuwa Yanbu, daga nan ya bi ayari. A cikin jirgin ciwon ciki ya kama mahaifinta. Da suka sauka sai da aka ɗauko shi.

"Ruwan sha ma a garin nan wuya yake," ta ce. "Daga nesa ake kawo shi. Wata mata ce a sama take zuro mana tulu da gurasa da igiya ta tagar nan. Har muka bar garin ban ga fuskarta ba, hannunta kawai na sani."

A lungun ya cika. Kafin ya rasu ya ce wa kakata kada ta koma, ta kai yarinyar Madina. Maza suka ɗauke shi, Inna tana ƙarama, ba ta ga inda aka nufa da shi ba. Washegari ayari ya tashi. Kakata ta yi ta cewa za su dawo, sai wanki da sayar da ƙosai suka riƙe ta a Madina har ta koma ga Allah.

Na ce, "Inna, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

Ta ce, "Ka taɓa tambaya?"

Na bar ta a inuwa na shiga neman wanda zai san maƙabartar. A bakin wani masallaci na samu wani dattijo Balarabe yana gyaran komar kamun kifi. Da na yi masa bayani ya ce mutanenmu da yawa sun sauka a nan, yana yaro yana ganinsu da ƙullin kayansu a ka. Ya ce baƙin da suka rasu a tsohuwar maƙabarta ta bayan gari ake kai su, amma kada in sa rai da gane kabari, ba alama, kuma an yi ta binne wasu a kan wasu. Ya ajiye aikinsa ya shiga motarmu ya nuna mana hanya. Da ya ga Inna ya dafa ƙirji ya ce, "Allah yarhamu, ya hajja."

Fili ne kawai da katanga, ciki ƙasa da ƙananan duwatsu. Mata ba sa shiga, don haka Inna ta tsaya a waje. Na tambaye ta ta wane gefe zan nufa. Ta ce, "Yi musu sallama duka, yana ciki."

Na shiga na yi sallama, na yi addu'ar da ta sawwaƙa. Da na fito na same ta ta dafa katangar da tafin hannu, rana tana dukanta, ta ƙi matsawa inuwa. Sai na ji ta ce, "Baba, mun isa."

A gida Baba take kira na, don sunansa aka sa mini. Sai na yi saurin cewa, "Na'am, Inna?"

Ta kaɗa mini hannu. "Ba da kai nake ba."

Ta ci gaba a hankali, kamar wadda aka aika ta dawo. Ta ce sun isa Madina lafiya ita da mahaifiyarta, sun yi masa gaisuwar da ya so yi, ta yi aure, ta haihu, mahaifiyarta tana kwance a maƙabartar Baƙi'a. Ba ta yi kuka ba. Da ta gama ta shafa addu'a, ta juyo ta ce, "To, ina kifin da kake ta faɗa? Yunwa nake ji."

A hanyar dawowa ta yi barci tun kafin Badar. Muna shiga Madina ana kiran magariba. Ta farka ta ga fitilu, ta ce, "Har mun zo? Ashe nan da nan ne." Daga nan ba ta ƙara maganar Yanbu ba, har Allah ya karɓi abarsa bayan 'yan shekaru.

Har yau in na tuna abin yana ba ni mamaki. Na girma kusa da matar nan, na san irin shayin da take so da irin maganin da take sha, amma ban san tana ɗauke da saƙo tun tana yarinya ba. Tsofaffinmu da suka zo ƙasar nan da ƙafa ba masu yawan ba da labari ba ne, mu kuma ba masu tambaya ba. In kana da irinsu a gida, zauna ka tambaya tun suna nan.

Yanzu an gyara tsohon garin, an ɗaga bangayen da suka zube, an shafa wa tagogin mai, har da wuraren shan gahawa. Nakan kai iyalina lokaci-lokaci. Yaran hotuna suke ɗauka, in na yi musu Hausa su amsa da Larabci. Amma ba ma barin garin sai mun tsaya a bakin katangar nan. Zuwanmu na ƙarshe babbar 'yata ta tsaya tana kallon bangon, ta tambaye ni me za ta ce. Na ce ta yi sallama, ta faɗi sunanta da Hausa, don kakana ya san an ƙaru.